Matar Da Ta Ga Gobarar Kafin Ta Tashi

Malam, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin da ke raina ya fi ƙarfina, kuma wadda na faɗa wa a gida ta ce in yi shiru. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ka yi haƙuri in ta yi tsawo, ni ba marubuci ba ne, mai aikin katifa ne.

Shekarata goma sha tara a masana'antar katifa. Da dako na fara, ina ɗora soso a mota, yau ni ne shugaban ma'aikata. A ƙasa muke haɗa sinadarai mu zuba a wani babban akwatin ƙarfe, soso ya kumbura ya taso kamar burodi, mu kai shi injin yanka. A saman bene masu ɗinki suke, su arba'in da biyu, yawancinsu mata, su ke ɗinka wa katifa riga. Cikinsu har da autarmu, wadda na riƙe tun rasuwar mahaifinmu, kuma ni na samo mata aikin.

Shekara huɗu da suka wuce, kamfanin inshora ya matsa wa mai kamfaninmu lallai ya ɗauki wanda zai riƙa kula da haɗura. Aka kawo mana wata mata gajeruwa, mai tabarau da igiya a wuya, da takalmi marar tsini, da ɗan littafi da ba ya barin hannunta. An ce ta daɗe tana aiki a wata babbar ma'ajiyar man fetur. Aikinta kawai shi ne ta zauna ta yi tunanin duk abin da zai iya lalacewa, ta shirya mana kafin ya lalace. Mu kuwa muka ce ashe akwai wanda ake biya albashi don ya riƙa yi wa mutane mugun fata.

Ba ta yi mako biyu ba muka sa mata suna Idan-fa, saboda duk maganarta da haka take farawa. Idan fa wuta ta ɗauke ana tsakiyar zuba sinadari? Idan fa mai riƙe da makullin nan bai zo aiki ba? Idan fa hayaƙi ya toshe matattakalar gaba? Wani direbanmu ya ce in ka gayyace ta cin abinci gidanka, kafin ta wanke hannu sai ta ƙirga ƙofofi. Ni na fi kowa dariya, har nakan kwaikwayi tafiyarta in ta juya baya.

Ta wahalar da mu, Malam, wannan ba zan ɓoye ba. Gangunan sinadari da ke jingine da bangon ɗakin aiki tun kafin in zo, ta sa aka kwashe su zuwa can ƙarshen fili, kullum sai yarana sun tura amalanke tafiya mai nisa a rana. Ta ce sabon soso yana riƙe zafi a cikinsa, dole ya kwana a wata rumfa daban kafin ya shiga sito. Ta sa aka gina katanga mai kauri tsakanin sito da ɗakin aiki, da ƙofar ƙarfe mai rufe kanta in ta ji zafi. Ta sa kafinta ya juya duk ƙofofinmu su riƙa buɗewa waje. Ta shafa layin rawaya a ƙasa, ta ce ko tsintsiya kada a ajiye a kansa. Akwai wani kurma da ke aiki a injin yanka, ta sa aka ɗaura masa jar fitila a gabansa, mai walƙiya in jiniya ta yi kuka. Kowane ma'aikaci ta haɗa shi da abokin fita, wanda ba zai bar ginin ba sai ya gan shi. Mai ciki da mai ciwon ƙafa kuma ta ce kekensu na ɗinki ya koma bakin matattakala.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne atisaye. Sau ɗaya a wata, ba sanarwa, sai ka ji jiniya, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita, ita kuma tana tsaye a fili da agogo. Wani lokaci sai ta kafa allo a bakin wata ƙofa ta rubuta "Nan wuta ce", dole ka nemi wata hanyar. Karon farko minti goma sha ɗaya muka yi, ana ture-ture ana dariya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce da gaske ne, da rabinmu ba su fito ba. A hankali muka dawo minti uku da rabi. Amma duk ranar atisaye aikinmu ya ragu, ni kuma manaja ke kira ofis ya wanke ni tas.

Ranar da na ƙulla ta a raina ita ce ranar kwaɗo. Akwai wata matattakala ta baya da ke saukowa daga wajen masu ɗinki zuwa fili. Aka fara satar yadi ta nan, sai na sa kwaɗo na rufe ƙofar, na zuba makullin a aljihu. Da ta gani ba ta neme ni ba. Ta aiko aka kawo almakashin ƙarfe, ta yanke kwaɗon a gaban ma'aikatana, ta zo har inda nake ta miƙo mini shi a tafin hannu, ta ce yadi ana saye, mutum ba a saye. Mata suka leƙo daga bene suna kallo, har da ƙanwata. Ni da nake ba da umarni a wurin nan, aka mayar da ni yaro.

To ga laifina. Na zauna na rubuta wa mai kamfani takardar koke, ban sa suna ba, na ce daga ma'aikata take. Na lissafa lokacin da atisaye ke cinyewa, na ce tana wulaƙanta manya a gaban yara. Wannan duk akwai ƙamshin gaskiya. Amma na ƙara abin da na san zai kashe ta. An sha ganinta tana shiga wata masana'antar katifa da ke can ɗaya gefen gari, abokan hamayyarmu. Na rubuta cewa sirrin haɗin sinadarinmu take kai musu. Ban gani ba, ban ji ba, ban kuma tambaye ta me take zuwa yi ba. Mai kamfani mutum ne mai tsoron a sace masa sirri fiye da tsoron mutuwa. Bai kore ta ba, ya dai bari kwantiraginta ya ƙare, ya ƙi sabuntawa.

Ranar da za ta tafi, ni ta nema. Ta zagaya da ni ko'ina, ta nuna mini abin da zan riƙa dubawa kowace safiya, ta ba ni usur ɗinta da wani jan fayil mai kauri. Ta ce ni ta zaɓa don in na ɗaga murya ma'aikata suna ji. Na karɓa ina sunkuyar da kai. Har yau ban sani ba ko ta san ni ne. Fayil ɗin na jefa shi bayan motata, ban buɗe ba.

Mako goma bayan tafiyarta, ran wata Talata, wajen sha ɗaya da kwata na safe, wuta ta tashi. Ba daga wurinmu ba, daga masana'antar robobi da muke haɗa katanga da ita. Iska ta kwaso ta ta jefo kan rufin sitonmu. Wanda bai taɓa ganin soso yana ci ba, ba zai gane ba. Ba ci yake yi ba, sha yake yi, hayaƙinsa baƙi ƙirin, mai ɗaci, shaƙa biyu ya kwantar da ƙato.

Da jiniya ta yi kuka, wallahi ban san me zan yi ba. Kaina ba komai a ciki. Sai kawai na ga hannuna ya kai usur bakina, na ga kaina a tsaye a bakin ƙofar da take tsayar da ni duk wata. Abin da na gani a mintocin nan, har in mutu ba zan manta ba. Mutanen da na sani da rigima, waɗanda ke dambe a kan layin karɓar abinci, suna tafiya a jere a kan layin rawaya, ba gudu, ba ihu, kowa yana waiga abokin fitarsa. Mai kula da injin zuba sinadari ya rufe famfunansa uku bi da bi kafin ya juya. Kurman nan ya ga jar fitilarsa, ya kashe injin yanka ya fito, abokinsa na riƙe da hannun rigarsa. Na ji wata ƙara mai nauyi a bayana, ashe ƙofar ƙarfen nan ce ta rufe kanta, ba wanda ya taɓa ta.

Sai na tuna bene. Na ɗaga kai na ga matattakalar gaba ta cika da hayaƙi, daidai wurin da ta fi yawan kafa allonta. Cikin ƙanwata wata takwas a lokacin. Na zagaya da gudu ta baya ina kiran sunanta kamar mahaukaci, sai ga ƙofar nan da na taɓa sa wa kwaɗo a buɗe, mata suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta toshe hanci da gyalenta, hannu a kafaɗar ta gaba. Ƙanwata ce ta biyu a layi, saboda kekenta na bakin matattakala. Ta dube ni ta ce, "Yaya, koma wurinka, mu mun san hanya."

A fili muka yi ƙirga. Akwai akwatin gwangwani a ɗakin maigadi, inda ta saba mana da ajiye sunayen duk wanda ya shigo aiki kowace safiya. Maigadi bai daina ba ko bayan tafiyarta, Allah ya saka masa. Na riƙa kiran suna ana amsawa. Mutum ɗari da arba'in da uku suka shigo ranar. Mutum ɗari da arba'in da uku suka amsa.

Da 'yan kwana-kwana suka iso, ruwan motarsu bai yi minti goma ba ya ƙare. Sai shugabansu ya nufi wani babban tanki da ke bakin ƙofarmu kai tsaye, kamar gidansa, ya ɗaura mesarsu, ta shiga daram. Daga baya ya gaya mini cewa shekara biyu da suka wuce wata mata mai tabarau ta je har ofishinsu ta auna bakin mesarsu da ma'auni, ta sa aka ƙera wa tankinmu baki daidai da shi, ta kuma kawo su suka ga wurin. Ya nuna mini bangon da gangunan sinadari suke a da, wanda a lokacin ya zama jan garwashi, ya ce da suna nan, da ba masana'antarmu kaɗai ba, da layin nan gaba ɗaya ya tashi. Sito ya ƙone ƙurmus, rufin bene ya rufta, amma katangar nan ta tsare wuta kusan awa guda, injinanmu manya suka tsira.

Maƙwabtanmu kuwa, mutum huɗu suka rasa. An same su a bayan wata ƙofa mai kwaɗo. Mai wurin ba mugu ba ne, na san shi, mutumin kirki ne, kuma yana da tukwanen kashe gobara a rataye fiye da namu. Ba dai wanda ya taɓa koya wa yaransa abin da za su yi. Har yau bai sake buɗewa ba, ma'aikatansa kusan ɗari biyu suna gida. Duk sanda na wuce ta gaban ƙofar nan sai in ji nauyin makulli a aljihuna, alhali babu.

Ana cikin kashe wutar na hango ta a tsallaken titi, cikin 'yan kallo, da kayan gida a jikinta, da alama labari ta ji ta taho. Na tsallaka na same ta. Ba ta tambayi injin ba, ba ta tambayi sito ba. Ta ce, "Nawa suka shigo?" Na faɗa. Ta ce, "Nawa suka amsa?" Na faɗa. Ta cire tabarau ta goge idonta, ta ce alhamdu lillahi, ta ce in buɗe jan fayil, ta juya ta tafi.

A nan ne mamakina ya ƙaru. Na ɗauko fayil ɗin daga bayan mota, duk ƙura. Shafin farko an rubuta "Awa ta farko". Wa zai kira iyalan ma'aikata, wa zai kai waɗanda suka shaƙi hayaƙi asibiti ko da sun ce lafiyarsu ƙalau, wa zai yi magana da 'yan jarida, mutum ɗaya tak, da abin da zai faɗa. Sai "Ranar farko", sai "Makon farko", sai "Watan farko". Mai kamfani yana zaune a kan dutse ya dafe kai, manaja yana ta kai da kawo ba ya ko iya haɗa magana, ni da ban wuce sakandare ba nake karanto musu abin yi layi-layi, suna bi. Takardun haɗin sinadarinmu da sunayen dilolinmu da muka ɗauka sun ƙone a ofis, ashe ta ajiye kwafinsu a wani wuri a cikin gari. Akwai lambar wani mai kawo yadi na biyu, da wani sito na haya da ta riga ta je ta gani. Kamar ta taɓa rayuwa a ranar nan, ta dawo ta rubuta mana.

Washegari da safe sai ga manajan abokan hamayyarmu da kansa, da takarda a hannu. Yarjejeniya ce da ta sa kamfanonin biyu suka sa wa hannu, cewa duk wanda masifa ta faɗa wa, ɗayan zai ara masa injin da wurin aiki na wata shida. Mai kamfaninmu ya sa hannun cikin tarin takardu, ya manta. Abin da take zuwa yi can ke nan, Malam. Abin da na kira cin amana ke nan. Kwana tara bayan gobara muna yanka soso a wurinsu, su da safe mu da yamma. Ko dila ɗaya bai gudu ba, ko ma'aikaci ɗaya ba a sallama ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Kowa ni yake yabo. Hotona ya fito a jarida da usur a wuya. Ƙanwata ta haihu lafiya, mace, kuma duk wanda ya je ganin jaririya sai ta ce kawunta ne ya cece su. In ta faɗa sai in fita waje kamar zan amsa waya. Wata mai zuwa za a buɗe sabon gini, mai kamfani ya ce a ranar zai ba ni lambar yabo, ya kuma ba ni ofishin matar nan da muƙaminta. Ita kuwa na bincika, tana gida. Wurare biyu ta nemi aiki, maganar sayar da sirri ta riga ta isa can. Mijinta ya yi ritaya, 'ya'yanta uku suna makaranta.

Uwargidana, wadda ita kaɗai ta san gaskiya, ta ce in rufa wa kaina asiri, in karɓi muƙamin in yi shi tsakani da Allah, wai wannan ma tuba ce. Ta ce in na tona, za a kore ni, ƙanwata ta daina ganin girmana, yaranmu biyar su shiga wani hali. Ba ƙarya ta yi ba. Amma jiya na shiga sabon ginin na ga ƙofofi biyu suna buɗewa ciki. Wannan na gane, don ta nuna mini. Sauran da ba ta nuna mini ba fa? Ni abin da ta shirya na bi, ban san yadda ake hango shi ba. Tun gobarar nan ba a yi atisaye ko sau ɗaya ba, an kuma ɗauki sababbin ma'aikata talatin da ba su taɓa jin kukan jiniyarmu ba.

Malam, in faɗi gaskiya in rasa komai, ko in yi shiru in zauna a kujerar da ba tawa ba? In kuma zan faɗa, wa zan fara tunkara, da wane ido?

Naka,
Mai usur ɗin aro

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, a karo na biyu na tsaya a wurin mesar nan na daɗe ban ci gaba ba. Shekaru da yawa ina wannan fili, ban taɓa jin labarin aiki mai tsabta kamar na baiwar Allah nan ba. Ta yi sama da shekara uku ana mata dariya, tana auna bakin mesa, tana juya ƙofa, tana ƙirga minti, don wata rana da ba ta san ko za ta zo ba, kuma da ta zo ba ta ma wurin. Ka dubi masana'antu biyun nan. Wuta ɗaya, iska ɗaya, rana ɗaya. Rai da ajali na Allah ne, amma sababin da ya raba ku da maƙwabtanku sani ne, sanin da mutum ɗaya ta zuba a ƙafafun mutum ɗari da arba'in da uku har ya zama ba sai sun yi tunani ba.

Bari in fara da abin da ke naka, don ka tsananta wa kanka da yawa. Ba ka ƙirƙiri yabon nan daga banza ba. Kana iya gudu ranar, ba ka gudu ba. Ka tsaya a ƙofarka, ka kira suna, ka karanta fayil lokacin da manyanka suka rikice. Ita ma da ta tashi tafiya kai ta zaɓa, kuma mace irin wannan ba ta zaɓe da ka. Kokenka ma ba duka ne ƙarya ba. Yanke kwaɗon daidai ne, amma da ta kira ka gefe tukuna, da wataƙila ba a kai nan ba. Masu irin wannan sani sukan manta cewa girman mutum ma abin kiyayewa ne. Mai kamfani kuma yana da nasa kason, tunda ya yanke hukunci a kan takarda marar suna bai tambayi kowa ba. Uwargidanka ba muguwar shawara ta ba ka ba, tsoron uwa ne mai 'ya'ya biyar, kada ka raina shi.

Duk da haka ba zan ce ka bi ta ba, saboda dalili biyu. Na farko, ƙazafin da ka yi bai wuce ba, yana nan yana aiki. Duk safiyar da matar nan ta tashi ba ta da wurin zuwa, takardarka ce ta zaunar da ita. Tubar da ba ta cire wannan ba, kai kaɗai za ta sanyaya wa rai. Na biyu ya fi girma, kai ma ka faɗe shi da bakinka. Ba ka da idonta. Jan fayil ɗin nan na tsohon gini ne da tsohuwar gobara. Masifa ta gaba ba lallai ta zo da wuta ba, kuma ba wanda ya rubuta mata fayil. In ka hau kujerar nan a haka, mutane za su saki jiki su ce ai gwarzonmu na nan, alhali ba kowa a wurin.

Ga abin da nake gani. Ita za ka fara tunkara, a cikin makon nan, kafin mai kamfani. Ka je gidanta da rana, mijinta yana nan, ka tafi da uwargidanka in ta yarda. Ka faɗa a taƙaice: ni na rubuta, maganar sirri ƙarya ce, na zo neman gafara, kuma zan gyara ko kin yafe ko ba ki yafe ba. Kada ka kawo zancen kwaɗo, ranar ba ta kare kai ba ce. Tana iya cewa ta daɗe da sani, tana iya rufe maka ƙofa. Duk wanda ta yi, haƙƙinta ne.

Daga nan ka nemi ganin mai kamfani shi kaɗai, ka kai masa bayaninka a rubuce, da sunanka a ƙasa wannan karon. Ka roƙe shi abu uku: ya rubuta takardar wanke ta, ya aika har wuraren nan biyu da suka ƙi ɗaukarta, ya nemi ta dawo, in ta ƙi, ya ɗauko ƙwararre irinta kafin a shiga sabon gini, kai kuma ya bar ka a matsayin mataimaki, a tura ka horo. Ba zan yi maka alkawarin ba zai fusata ba. Amma ɗan kasuwa ne da ya ga abin da ya tsayar masa da kamfani da idonsa, kuma da wuya ya kori mutumin da ma'aikata ke jin muryarsa saboda ya zo da kansa ya faɗi gaskiya. Ko da hakan ta faru, shekara goma sha tara ta gwaninta ba ta ɓata a hannun mai ita. Ku zauna da uwargida ku shirya wa wannan tun yanzu, kada ta ji a bakin wani.

Ƙanwarka kuma ka gaya mata da kanka, bayan ka ga waɗancan biyun. Za ta ji zafi, amma wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama ba zai zube a idonta don ya ce na yi kuskure ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran kowa. Gobe da safe ka kai maganar ƙofofin nan biyu gaban manaja, ka kuma tara sababbin ma'aikata talatin ka zagaya da su hanyar fita a inda kuke aiki yanzu. Wannan ba ya bukatar muƙami ko izinin kowa.

Allah ya ba ka ƙarfin guiwa, ya sanyaya zuciyar wadda ka ɓata wa, ya mayar mata da mutuncinta ninki. Allah ya jiƙan bayinsa huɗu da suka rasu, ya buɗa wa maƙwabtanku, ya raya jaririya cikin albarka. Ina yi maka fatan alheri.